Wuƙa Mai Jan Zare

A layin masu gyare-gyare, tsakanin mai gyaran agogo da mai ɗinkin takalma, akwai wani shago da ake jin sa kafin a gan shi. Tun daga bakin titi za ka jiyo kukan ƙarfe a kan dutse, irin ƙarar nan da ke sa tsikar jiki tashi. Shagon Mai Washi ke nan. Faɗinsa bai wuce a shimfiɗa tabarma biyu ba. Injin washi mai feda yana bakin ƙofa, sai benci ɗaya, da teburi mai aljihu uku, da ƙusoshi a bango inda aka rataye almakasan teloli da wuƙaƙen mahauta, kowace da 'yar takarda mai sunan mai ita.

Shekara talatin da huɗu Mai Washi yana taka wannan feda. Hannunsa na hagu babu gashi ko ɗaya daga wuyan hannu zuwa gwiwa, don a nan yake gwada aikinsa. Mutum ne marar yawan magana, kuma, a faɗi gaskiya, matsoraci ne na bugawa a jarida. Ba ya hawa babur ko da kyauta ne. Idan za a yi masa allura sai ya runtse ido ya juya wa ma'aikaciyar ƙeya. Mai agogo kan ce da shi, "Kai da ka wuni kana wasa da aska?" Shi kuwa sai ya ce wanzami ma ba ya son jarfa, ya ci gaba da taka fedarsa.

Sana'ar gado ce. Ubansa, tsohon da ya koya masa, yana nan da ransa, ya haura tamanin, yanar ido ta rufe masa gani har ba ya bambance komai sai haske da duhu. Shekara goma ke nan da ya sauka daga kan injin ya bar wa ɗansa, amma mabuɗin shagon bai taɓa barin wuyansa ba. A ɗakin da ke bayan shagon yake kwana, shi ke buɗewa kafin kowa ya fito, ya share, ya zauna da ɗan dutsensa na hannu wanda ya lotsa a tsakiya kamar tsohon sabulu. Dokarsa ɗaya ce, kuma duk layin sun haddace ta: dakusasshen ƙarfe ba ya fita ta ƙofar nan. Idan ya laluba ya ji abu ba kaifi, ba ya tambayar kowa, sai dai ka ji ƙasa-ƙasa yana goga shi. Mai ɗinkin takalma ya rantse ya taɓa manta cokalinsa a kan bencin, da ya dawo sai da ya yanke masa leɓe. Ƙarya yake yi, amma babu wanda ya taɓa ƙaryata shi.

Mai Washi 'ya ɗaya Allah ya ba shi. Kakan ne ya laƙaba mata Allura tun tana siririya tana rarrafe a ƙarƙashin teburin, sunan kuma ya bi ta har girma. A cinyar tsohon ta tashi, tana kallon yadda yake karɓar wuƙa daga hannun mai ita ya shafa bakinta da babban yatsa kafin ma ya amsa gaisuwa. Da ta girma sai ta bi 'yan fim. Shekara uku tana goge musu kaya, tana ɗaukar jakunkuna, tana dama musu jinin ƙarya da sukari da jan kala a cikin roba. Uban bai hana ta ba, bai kuma taɓa tambayar ta yaya aikin ba. Duk labarin da ta kawo masa, amsarsa ba ta wuce "uhm."

Wata ranar Litinin da la'asar ta faɗo shagon tana haki, fuskarta kamar an yi mata albishir. Tsohon yana ɗaki yana barci. Ta zaro wuƙaƙe biyu daga jaka ta ajiye a kan teburin, iri ɗaya sak, dogaye masu baƙin mariƙi.

"Abba, an ba ni fitowa! Ni da kaina, a gaban kyamara."

"Uhm."

Ba ta damu ba, ta saba. Ta zauna a bencin ta shiga ba shi labarin fim ɗin. Wai wani ɗan ina-da-kisa ne, wanda ake biya ya kashe mutum. Ba ya riƙe bindiga, ba ya ɗaga murya. Da rana tsaka yake ƙwanƙwasa ƙofa kamar mai gyaran famfo, ya cire takalmansa a bakin ɗaki don ladabi, ya nemi kujera ya zauna, ya ɓare lemo da wuƙarsa, ya miƙa wa mai gidan rabi. Duk wanda ya ci wannan lemon ba ya sake cin wani. Ita kuma za ta fito a matsayin wata ma'aikaciyar ofis da ta ga abin da bai kamata ta gani ba.

"Maganata uku ce kawai, sai ya kama ni ta baya ya ja wuƙar a nan." Ta ja yatsa daga kunne zuwa kunne tana dariya.

Mai Washi ya ɗauke ƙafa daga feda. "Wannan ce fitowar? A yanka ki?"

"Abba, wasa ne. Mun gwada ta roba, darakta ya ce a kyamara kamar ta wasan yara take, shi ƙarfe yake so. To ɗaya za ka wasa ta sosai, ita za a nuna yana ɓare lemo. Ɗayar kuma ka kashe mata baki gaba ɗaya, har tsinin, yadda ko tumatir ba za ta huda ba. Ka ɗaura mata jan zare a mariƙi don kada a rikita. Ita zai danna min a wuya, da ƙarfi, don a ga fatar ta lotsa."

"Ni za a kawo wa wuƙa in dakusar? Ku goga ta a dutsen bakin hanya mana."

Sai ta daina dariya. "Sun ce a ba mai walda. Na ce a'a. Wuyana ne, Abba. Shi ya sa ban kai wa kowa ba sai kai."

Maganar ta shige shi, amma bai nuna ba. Ta ci gaba da bayanin inda za a yi ɗaukar ranar Laraba, da cewa sai ƙarfe biyu, lokacin da rana ke shigowa ta tagar ɗakin. Shi kuwa ya riga ya koma kan feda, rabin maganar tata duk ƙarar injin ta cinye.

Washegari ya jira sai da tsohon ya shiga barcin rana sannan ya yi aikin. Bai taɓa yi wa wuƙa hidima irin wannan ba. Ya kwantar da bakin, ya zagaye tsinin, ya bi da magagari, ya goge. Ya danna ta a wuyansa ya ja sau bakwai, ko ja fatar ba ta yi ba. Ya ɗaura jan zaren, ya naɗe su biyun a tsumma, ya tura can cikin aljihun teburi na ƙasa. Bai gaya wa tsohon ba. Kunya ce ta hana shi, ba wani abu ba. Mutum mai shekara hamsin da biyar, da furfura a gemu, amma ya kasa tsayawa gaban ubansa ya ce yau na zauna na kashe bakin wuƙa da gangan, kuma don 'yan fim. Ya san abin da zai ji, ya ga gara a yi shiru abin ya wuce.

Ranar Laraba ya biya ta wajen mahauta ya kai musu wuƙaƙensu, bai iso shago ba sai wajen tara. Yana isowa Allura na isowa, motar 'yan fim tana jiran ta a bakin titi tana ta hon. Ya jawo ƙunshin ya miƙa mata yadda yake. Ta cusa a jaka, ta leƙa ta ce wa kakan, "Tsoho mai ran ƙarfe, ka yi min addu'a," ta fice da gudu.

Ƙarfe ɗaya da kwata suna zaune a bencin suna cin abincin rana, tsohon ya kurɓi ruwa ya yi gyaran murya, irin wadda yake yi idan zai yi faɗa.

"Yau na rufa maka asiri."

"Na me fa, Baba?"

"Girma ya fara kama ka, ko kuma hankalinka ba ya kan aikinka. Da safe ina neman tsumma na ci karo da wuƙaƙe biyu a aljihun ƙasa. Ɗaya ba laifi. Ɗayar kuwa, mai zare a mariƙi, wallahi ko bayan cokali ya fi ta baki. Har ka naɗe za ka ba mai ita a haka! Awa biyu na yi a kanta kafin ta dawo hayyacinta. Yanzu kam ko gashi ka jefa mata sai ta raba shi biyu. Na mayar maka da zarenka yadda na same shi."

Mai Washi ya ajiye lomar da ke hannunsa. Ya ji kamar an kwara masa ruwan sanyi daga ƙeya har dugadugai. Ya san hannun ubansa. Wuƙar da tsohon nan ya yi awa biyu a kanta ba ta bukatar a danna, ɗorawa kawai ta isa.

"Baba," ya ce, muryar ba kamar tasa ba. "Da gangan na kashe ta. Ta fim ce. A wuyan Allura za a ja ta, ƙarfe biyu."

Kofin ya suɓuce daga hannun tsohon. Bakinsa ya buɗe, idanun nan farare suka tsaya cak a kan fuskar da ba sa gani. Ya ɗaga hannu yana lalube a iska har ya sami kafaɗar ɗansa, ya tura shi da ƙarfin da ba a san yana da shi ba.

"Me kake jira? Gudu!"

Ya fita ba hula, takalmi ƙafa ɗaya a sanye, ɗayan a hannu. Ya kira wayarta, a kashe. Ya sake kira, a kashe. Sai ya tuna ta taɓa cewa idan za a fara ɗauka, tattara wayoyin kowa ake yi a zuba a kwali. Ba shi da lambar kowa a cikinsu. Shekara uku 'yarsa tana aiki da mutanen nan, ko sunan ɗaya bai riƙe ba.

Ya tare mai babur, ya haye kafin ya gama tsayawa.

"Ina za mu, Baba?"

Sai a nan ya tuna bai saurari kwatancen Allura ba. Ina ta ce? Ya matse kansa, abin da ya fito kawai shi ne gidan bene, bayan gidan mai, ta wajen tashar mota. Sauran duk ƙarar injinsa ta tafi da shi.

"Wajen tasha. Ka yi sauri, don girman Allah ka yi sauri."

Mutumin da bai taɓa yarda ya hau babur ba, yau shi ke dukan bayan direba yana cewa a ƙara wuta. Suka kutsa tsakanin motoci, gwiwarsa ta gogi wata motar kaya, bai ji ba. Idonsa a buɗe, amma ba titi yake gani ba. Wuyan Allura yake gani, siriri, da ɗan tabon ƙyanda a gefen hagu. Ya ga jan zare. Ya ga hannun wani ƙato da aka ce masa danna da ƙarfi, ba ta yanka. Wata zuciyar ta ce masa ai jikar tsohon ce, wataƙila ta shafa bakin wuƙar. Wata ta ce ina, yarinyar da ta bar shago tun tuni, farcenta ma fenti ne a kai, kuma daga hannun ubanta ta karɓa, me zai sa ta gwada?

Gidajen mai biyu ne a wajen tashar. Suka fara da na farko, bayansa babu komai sai wurin wankin mota. Ya tambayi masu wankin ina ake fim, suka dube shi da takalmi a hannu suka yi dariya. Agogon wayarsa ya nuna biyu saura minti huɗu. A na biyun suka tarar da layi uku, duk gidajen bene. Ya sauka ya shiga na farko da gudu, ya fito, ya shiga na biyu. Ƙirjinsa kamar ana hura wuta. Sai ya jiyo ƙugin janareta, ya ga baƙaƙen wayoyin lantarki masu kauri sun hau bango sun shige wata taga a hawa na uku. Biyu da minti tara.

Wani mai ƙirar ƙarfi yana tsaye a bakin matakala. "Baba, ana ɗauka, ba a hawa."

Mai Washi bai san lokacin da ya ture shi ba. Ya hau yana tuntuɓe, yana so ya yi ihu, numfashin bai isa ba. A hawa na uku babu motsin komai. Mutane kusan ashirin sun yi cirko-cirko a baranda, babu mai ko tari. Ya ratsa su ya isa bakin ƙofar.

Takalma biyu ne a ajiye a bakin ɗakin, an jera su tsaf. A kan teburi ga ɓawon lemo. Wani dogon mutum mai baƙar safar hannu yana tsaye a tsakar ɗaki cikin hasken taga, wuƙa a hannunsa tana ɗiga, jan zaren ya jiƙe ya manne a mariƙin. A ƙafafunsa Allura ce kwance a gicciye, idonta a buɗe yana kallon rufi, jini yana bulbulowa daga wuyanta yana bin tayil.

Ya san ita ke dama musu jinin ƙarya. Sau nawa ta dawo gida da jan farce? Amma ya kuma san wanda ya wasa wuƙar nan. Duk mutanen da ke wurin suna kallo ne suna jin daɗin yadda abin ya yi kyau, shi kaɗai ya san abin da suke kallo. Ya zube ƙasa. Da rarrafe ya shiga ɗakin, ta gaban kyamara, ta cikin jinin, darakta yana ihu wa ya bar wannan ya shigo. Ya kai hannu ya toshe wuyan da tafinsa biyu, yana ta maimaita salati.

Idanun da ke kallon rufi suka juyo.

"Abba! Ka ɓata mana ɗaukar!"

Bai saki wuyan ba. Sai da ta tashi zaune, ta zaro siririn tiyon jinin ƙaryar da aka ɓoye a bayan kunnenta ta nuna masa, ta kama hannunsa ta goga a fatar. Lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Ya miƙa hannu wajen dogon mutumin, shi kuma ya ba shi wuƙar ba musu. Ya shafa bakin da babban yatsa. A dakushe take, amma mummunar dakushewa, duk giɓi-giɓi, ba aikinsa ba ne.

Allura ta ɗaga nata babban yatsan, da filasta a kai. "Ina warware tsumman, yatsana ya tafi bakin wuƙar da kansa, ban ma sani ba. Ko dannawa ban yi ba ta shige. Nan take na san hannun Kaka ne, babu mai fitar da baki irin wannan sai shi. Na zauna a matakala na yi ta goga ta a siminti har ta mutu."

"Ba ki gaya wa kowa ba?"

"In ce me? A ce shagonmu an ba su aiki sun kasa?"

Dogon mutumin, wanda ya kashe mutum tara a fim ɗin ba tare da ya ƙifta ido ba, ya dubi wuƙar, ya dubi hannunsa, ya nemi kujera ya zauna. Sai da aka kawo masa ruwa.

"Kaka bai sani ba dai ko?" in ji Allura. "Kada ka gaya masa, Abba."

"Ya sani."

Ba ta tsaya wanka ba. Ta goge abin da ya gogu, ta yafa mayafi, ta ce wa darakta gobe ma rana za ta shigo ta tagar.

Tun daga bakin titi suka san babu lafiya, don layin shiru yake. Maƙwabta sun taru a ƙofar shagon. Tsohon yana zaune a ƙasa a bakin ƙofa, fuskarsa na kallon hanya. Mai agogo ya tare su yana raɗa cewa tun fitar Mai Washi bai motsa ba, ya ƙi ruwa, duk takun da ya ji sai ya ce, su ne?

Allura ta durƙusa a gabansa. "Kaka, ga ni."

Ya miƙo hannu. Ya laluba ya kama kanta, ya ɗaga haɓarta, ya ɗora babban yatsansa a ƙarƙashin kunnenta. A hankali ya ja shi, yadda yake bin bakin aska, har zuwa ɗaya kunnen. Ya ji danshi mai danƙo a wajen ƙeya. Ya kai yatsan hanci, ya kai harshe.

"Sukari ne, Kaka," ta ce. "Kai ka koya min. Ba a karɓar wuƙa ba a shafa bakinta ba."

Ya sake bin wuyan, ya kuma sakewa. Sannan ya fashe da kuka, kukan da ɗansa bai taɓa ji ba ko ranar da aka binne mahaifiyarsa. Da ya lafa, ya cire igiyar mabuɗin daga wuyansa ya miƙa.

"Baba, laifina ne," in ji Mai Washi. "Ni na ɓoye maka. Da na buɗe baki na faɗa, da duk ba a yi haka ba."

"Karɓi."

Ya karɓa, don bai taɓa iya yi masa musu ba.

Tun daga ranar tsohon bai sake taɓa dutsensa ba. Mai Washi ya yi lallashi har ya gaji. Yanzu duk aikin da aka kawo sai ya faɗa masa da ƙarfi na wane ne da abin da ake so a yi, ya sa masa a hannu ya ji, tsohon ya shafa ya gyaɗa kai ya mayar. Lambobin 'yan fim bakwai ne a wayar Mai Washi, har da ta mai janareta. Fim ɗin ya fito, an ce ya yi kyau, shi dai ya kalla har wurin da aka ƙwanƙwasa ƙofar ofis, ya tashi ya fita.

Allura kuwa duk ranar da ta biyo ta shagon, kafin ta gama sallama hannun tsohon ya riga ya miƙo. Da farko takan tsokane shi ta ce kai na nan a manne, tsoho. Yanzu ta daina. Durƙusawa take yi ta ɗaga haɓa, ta jira ya gama.